Allon zane mai batir da ya riƙe min Auta a hunturun bana

Mu a Jos hunturu ba abin wasa ba ne. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa a Disamba da Janairu in kika sa hannu a ruwan randa da asuba sai kin yarfe shi. Mu manya mun saba. Damuwata ita ce Auta, 'yata mai shekara biyu da rabi, wadda ba ta da wurin zama sai tsakar gida: ta bi kaji, ta cika gwangwani da ƙasa, ta zuba ruwa ta ce tuwo take tuƙawa. Iska na fara kaɗawa da ƙura, mura da tari suka kwantar da ita sati biyu. Daga nan na hana ta fita sai hantsi ya dubi ludayi.

Tsare ɗan yaye a ɗaki tun daga sallar asuba har ƙarfe goma aiki ne ja. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kaskon garwashin da Hajiya, surukata, ke jin ɗumi da shi a falo. Yaron da ba shi da abin yi, wuta yake nufa, kuma na ga yaran da suka ƙone ta haka. Sai na koma miƙa mata wayata don ta zauna wuri ɗaya. Ta zauna kuwa, amma duk lokacin da na karɓa sai kuka da birgima. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin. Auta tana ninka hakan kafin azahar.

A wani shagon kayan yara da ke kasuwar Terminus a nan Jos na ga wani allon zane mai batir. Na roba ne, baƙi, inci 8.5, da ɗan alƙalaminsa na roba da maɓalli guda na gogewa. Irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin ne, kuma kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa biyu ba. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ki gwada da farcenki ma yana rubutawa." Na gwada, ya rubuta.

Abin da ya sa na saya shi ne ba ya fitar da haske irin na waya. Dannawar alƙalamin ce ke fito da zanen, batirin kuwa ba ya aiki sai lokacin da aka taɓa maɓallin gogewa. Saboda haka babu caji, babu jiran a kawo wuta, kuma tun farkon Disamba da na saya batirin da ya zo da shi ne a ciki.

Ranar farko Auta ba ta damu da zane ba, maɓallin ne ya burge ta. Ta ja layi, ta danna, ya ɓace, ta ƙyalƙyale da dariya ta kalle ni. Ta yi haka ya fi sau talatin. Bayan kwana biyu sai ta fara kwaikwayon yayanta da ke zuwa makarantar allo: ta lanƙwashe ƙafa, ta ɗora shi a cinya, tana rausaya tana karatun da ita kaɗai ta san ma'anarsa. Hajiya ce ta gano yadda za a ja wasan ya yi tsawo. Takan zana mata kaza ko kofi ta ce, "Kishiyata, mene ne wannan?" Auta ta faɗa, sannan ta goge. Ta haka ta koyi cewa "ƙadangare", kalmar da a da ba ta iya fitarwa.

Kada kowa ya zaci allon zai riƙe yaro duk safiya. In ita kaɗai ce, minti goma sha biyar ta gaji ta jefar. In da mai zama kusa da ita, takan kai minti arba'in, wanda ya ishe ni in dama kunu in sallami 'yan makaranta. Sauran lokacin muna cikewa da jera murafen tukwane, da ɓuya a bayan labule, da tsalle a kan katifa don jikinta ya yi ɗumi.

Yana da aibunsa. Zanen ba ya fita sosai a ɗaki mai duhu, ga shi a hunturu tagogi a rufe suke saboda ƙura, sai na matsar mata da tabarma kusa da ƙofa. Ba a goge gefe guda a bar gefe, in an danna komai ya tafi. Akwai ɗan makulli a jikinsa da ke hana gogewa, amma shi ke sa ta fushi in ta danna ba abin da ya faru. Alƙalamin ya ɓata sau uku kafin in ɗaure shi da ɗan gajeren zare.

Magana mafi girma ita ce ta batir. Ƙaramin batir ne mai faɗi kamar kwabo, daidai bakin yaro, kuma in aka haɗiye shi ya maƙale yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. A shagon na ga iri biyu: wani murfin batirinsa da farce ake zare shi, wani kuma an ɗaure shi da ɗan ƙaramin sukuru. Na biyun na ɗauka, kuma don Allah duk uwar da za ta saya ta juya bayansa ta duba tun a gaban mai shago. Ni har yau duk ranar Juma'a nakan gwada sukurun in ga bai saki ba.

Yanzu iska ta fara sauƙi, Auta ta koma wajen kajinta da gwangwaninta. Na sayo wani allon na biyu, mai sukuru, zan aika wa ƙanwata a Zariya, ɗanta zai cika shekara biyu kafin hunturu mai zuwa.