Bakin tekun Ghana ko na Mombasa da Zanzibar? Amsa ga mai hutun sati shida

'Yar'uwa, kin ce ke da maigida kun samu hutun sati shida, kuna son bin bakin teku gari-gari a tsanake, amma kun rasa na zaɓa tsakanin Ghana da ɓangaren Mombasa zuwa Zanzibar. Ni da Baban yara mun yi duka biyun, shekara biyu tsakani. Farkon abin da zan gaya miki, tekunan biyu ba halinsu ɗaya ba.

Tekun Ghana na kallo ne. Igiyar ruwa tana dukan rairayi da ƙarfi, tana kuma da jan ƙafa ta ƙasa wanda ko gwanin iyo yana shakkarsa. Daɗin wurin yana ga masunta: ki fita da sassafe a Elmina ki ga kwale-kwale masu fenti kala-kala suna shigowa, mata na jira da manyan kwanuka, ana ciniki kamar za a yi faɗa. Kada dai ki sa ran ganin haka ranar Talata, don masuntan yankin ba sa fita a ranar. A gabas kuwa, wato ɓangaren Mombasa zuwa Zanzibar, akwai shingen murjani can nesa da gaɓa, shi ke karya igiyar kafin ta iso, sai ruwan ya kwanta lumui a Diani da Watamu. Da doguwar rigata na shiga, kamar yadda matan garin ke yi da yamma, babu wanda ya ɗaga ido ya dube ni. Sai dai a Paje, gabashin Zanzibar, ruwan kan janye ya yi nisa na sa'o'i, ki fito da shirin wanka ki tarar da mata na ɗaure ciyawar teku a fili. Mai son ruwa a kowane lokaci ya nufi Nungwi, in zai iya jure shigar Turawa da naci na samarin da ke tallar yawon jirgin ruwa.

Abin da ba a cika faɗa ba game da doguwar tafiya shi ne, daga sati na uku baƙunta kan fara gundurar mutum, har ma'aurata su soma yi wa juna tsegumi kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan Ghana ta yi wa gabas fintinkau. Kusan kowane gari a gaɓar yana da zango, wato unguwar baƙi Musulmi, kuma Hausa ce harshen cikinsa. Mun sauka Akra muka nufi Nima, kafin la'asar maigida ya samu majalisa, ni na samu mai koko da ƙosai. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Shinkafa da waken da suke kira wakye, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito, ga tuwon zafi a kowane lungu. Hausar tasu ta ɗan bambanta, ba su damu da namiji da mace a nahawu ba, za a ce miki "ya zo" alhali mace ake nufi, kwana biyu kunnenki zai saba.

A gaɓar Suwahili addini ne ke sa ki ji kamar gida. Kiran salla ko'ina, nama ba sai kin tambaya ba, hijabi kuma shi ne suturar gari, musamman a Lamu da tsohon garin Zanzibar. Kalmomi ma za ki riƙa tsinta: habari, asubuhi, dakika, Alhamisi. Amma ba wanda zai yi hira da ke da Hausa, kuma ki kiyayi agogonsu. Suna fara ƙirga sa'a daga fitowar rana ne, don haka "saa moja", wato ƙarfe ɗaya, bakwai na safe ke nan. Wani mai kwale-kwale ya ce mana mu zo "saa tatu", maigida ya fassara ta da uku na rana, muka je muka tarar tun tara na safe aka tashi.

Ta fuskar tarihi kowanne na da nauyinsa, amma na Ghana ya fi taɓa ni. Gidan Elmina, tsohon sansanin Turawa da ke bakin teku, 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637. Idan aka shigar da ke kurkukun da ake tara mata bayi, aka nuna miki ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, ranar ba za ki iya cin abincin kirki ba. Kada ku haɗa shi da na Cape Coast rana ɗaya, ko da yake tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba. Ku sa dajin Kakum a tsakiya, ku hau gadojin igiya bakwai da ke saman itatuwa ku sha iska. A Mombasa akwai sansanin Fort Jesus na 1593 wanda Larabawan Oman suka karɓe a 1698, a Zanzibar kuma cocin da aka gina a filin kasuwar bayin da aka rufe a 1873.

Sai batun hanya da aljihu. Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana, katin rigakafin shawara dai kada a manta. Hanya guda ce ta bi gaɓar, Akra zuwa Cape Coast kamar awa uku a bas, daga nan Takoradi, Busua, har Nzulezu, ƙauyen da aka kafa kan ruwa. Gabas kuwa kuɗin jirgin sama kaɗai ya isa ya riƙe ku kwanaki a Ghana. Bizar Tanzaniya sai an nema tun daga gida, a kuma ba ta lokaci, ga inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoba 2024. Daga Nairobi jirgin ƙasa zai kai ku Mombasa cikin awa biyar zuwa shida, Lamu gara a bi ta sama, a sauka tsibirin Manda a tsallaka da kwale-kwale, daga nan sai ƙafa da jaki. Daga Darussalam zuwa Zanzibar awa biyu ne a jirgin ruwa, ki sha maganin amai kafin ki hau.

To wanne? Gaɓar Ghana duka kamar kilomita 550 ce, sati uku sun ishe ku, bayan nan maimaici ne. Gabas ce ke cika sati shida ba tare da gari ya yi kama da na jiya ba. In kuɗin ya kai, can zan tura ku, amma ba tsakanin Maris da Mayu ba, lokacin manyan ruwan sama ne. In kuwa wannan ce tafiyarku ta farko mai tsawo, ko maigida irin nawa ne da ba ya kwana uku bai ci tuwo ba, ku yi sati uku a gaɓar Ghana, sauran ku haura Kumasi da Tamale. A gaɓar Ghana ma ku kauce wa Mayu da Yuni, saboda ruwan sama.