Laringoskof mai kyamara ko na Macintosh: wanne ya fi wajen sa bututu mai hanya biyu?

Assalamu alaikum. Sistarmu da ke aiki a Daura ta ce ana shirin saya musu laringoskof mai kyamara, wato abin da ake leƙa maƙogwaro da shi lokacin sa bututun numfashi, tana son ta san ko ya fi na Macintosh da muka saba da shi idan za a sa bututu mai hanya biyu, wato wanda ake sa wa mara lafiyar da za a buɗe wa ƙirji don a kwantar da huhu ɗaya a riƙa hura ɗayan.

Sista, wajen gani mai kyamara ya fi, wannan babu gardama. Amma ganin ƙofar maƙogwaro daban, shigar da wannan bututu cikinta daban, kuma a nan ne maganar take.

Dubi bututun kansa tukuna. Eric Carlens na Suwidin ne ya fito da shi a 1949, Frank Robertshaw na Ingila ya gyara fasalinsa a 1962, wanda muke amfani da shi yau kuma kwaikwayon na Robertshaw ne. Mata akan sa musu lamba 35 ko 37, maza 39 ko 41. Lamba 39 kaurinsa ya kai milimita 13, alhali bututun da muke sawa kullum, lamba 7.5, bai wuce milimita 10 da 'yan kai ba. Ga shi da tauri, ga lanƙwasa biyu, ga balan-balan biyu da ake hura wa iska don su toshe kewayen bututun, kuma bayan kansa ya wuce igiyoyin murya sai an zare wayar cikinsa an murza shi digiri 90 zuwa hagu, idan na huhun hagu ne, kafin a ci gaba da turawa. Abin da yake buƙata shi ne fili a cikin baki da hanya miƙaƙƙiya.

Fili kuwa shi ne ƙarfin biledin Macintosh, wato ɓangaren laringoskof ɗin da ke shiga baki, wanda tun 1943 ake aiki da shi. Yana ture harshe zuwa hagu, ya ɗaga shi, ya bar gefen dama a buɗe. Hanyar da idonki ya bi ya hango ƙofar, ita ce bututun zai bi. Idan kin gani, akasari kin shigar. Illarsa sananniya ce: a mai guntun wuya, ko mai ƙaramin haɓa, ko wanda wuyansa ba ya lanƙwasuwa, ƙofar ba za ta bayyana ba, sai a shiga ƙara ƙarfi a kan haƙoran sama. Bututun ma da kansa, saboda kaurinsa, yakan tare miki gani daidai lokacin da kike neman ki ga ya wuce. Kuma ke kaɗai kike gani. Mai danna miki wuya daga waje lalube kawai yake.

Masu kyamara kuwa kada a haɗa su a kwando ɗaya, iri biyu ne, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin kyamara da rashinta.

Akwai masu biledi mai ƙugiya sosai, irin GlideScope, wanda wani likitan tiyata ɗan Kanada, John Pacey, ya fito da shi a 2001 da lanƙwasa ta kusan digiri 60, da kuma D-Blade na kamfanin Karl Storz. Waɗannan ba sa miƙar da hanya, leƙen kwana suke yi. Za su nuna miki igiyoyin murya tas a allo, amma ba su ture harshen ba, sai ki ɗauki bututu mai kauri ki bi da shi ta kwanar. Dole ki lanƙwasa wayar ciki ta yi daidai da biledin, kuma ko kan ya wuce igiyoyin, sau da yawa yakan tokare bangon gaba na hanyar iska ya ƙi tafiya. Dabarar ita ce ki ɗan ja biledin baya, ki haƙura da ganin da bai cika kyau ba, ki zare wayar da wuri, wani lokaci ki murza bututun har digiri 180 don kansa ya kauce wa bangon, sannan ki dawo da shi. Wani abu da sababbin hannu suke yi: ido na kan allo tun bututun bai wuce baki ba. A nan ne ake tsage balan-balan ɗin a kan haƙoran sama ko a ji wa ganɗa rauni, kuma wannan bututu ba arha ne da shi ba balle a ce a buɗe wani. Ki dubi baki har sai kan bututun ya ɓace miki, sannan ki ɗaga kai. Masu kwaroron da ake zura bututu a ciki su ma a lura, kwaroron yau da kullum ba ya ɗaukar wannan kauri. Airtraq ne ya yi na musamman dominsa.

Iri na biyu su ne masu biledin Macintosh da aka maƙala wa kyamara, kamar C-MAC da McGrath MAC. A ganina waɗannan ne suka dace da aikin. Hannunki zai yi abin da ya saba, filin yana nan, idan allon ya dushe ki leƙa da ido, ɗalibi da mai taimako kuma suna ganin abin da kike gani.

Bincike ya goyi bayan kyamara, amma a karanta shi da lura. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2022 ta tattara gwaji 222 ta nuna masu kyamara suna rage gazawa. Gwajin DEVICE da aka buga a 2023, wanda aka yi a ɗakunan gaggawa da na kulawa ta musamman a Amurka, ya samu nasara a karon farko kashi 85 cikin 100 da kyamara, kashi 71 da gani kai tsaye. Sai dai akasarin wannan duk a kan bututu mai hanya ɗaya ne. A kan namu mai hanya biyu, bitar da mujallar Anaesthesia ta buga a 2018 ta samu ƙarin nasara a karon farko da ƙarancin raunin baki da haƙora, amma kuma ta samu cewa bututun ya fi yawan sauka inda bai kamata ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Bututun da aka sake wa lanƙwasa, aka murza gaba da baya, yana da sauƙin zarcewa reshen dama na hanyar iska, wanda ya fi faɗi kuma ya fi miƙewa.

To can ƙasa, daga igiyoyin murya zuwa mararrabar huhu, babu laringoskof ɗin da ke gani. Kafnogiraf, na'urar da ke auna iskar da mara lafiya ke fitarwa, zai ce miki kina hanyar iska. Zurfi a mai tsayin santimita 170 kusan santimita 29 ne a haƙora, a ƙara ko a rage 1 kan kowace santimita 10 ta tsayi. Sai ki matse hanya ɗaya ki saurari ƙirji, ki matse ɗayar ki sake saurara, shuɗin balan-balan kuma, wato na ƙasa da ke shiga reshe, kada iskarsa ta wuce mililita 3. Duk da haka kunne yakan yaudari mutum. Siririn buronkoskof, madubin da ake zurawa ta cikin bututun a leƙa hanyar iska, shi ne ke tabbatarwa, a ga gefen shuɗin balan-balan daf da mararraba a reshen hagu, kuma a sake dubawa bayan an juya mara lafiya kan gefensa, don juyin yakan gusar da bututun.

Ki kuma tuna irin mutanen da ake kawo mana daga ƙauyukan Katsina da Daura: harbin bindiga a ƙirji, haɗarin mota, mai tarin fuka da ke tofar da jini, mai mugunya a ƙirji. Ɗigon jini ɗaya a kan kyamara ya isa ya makantar da ita, don haka na Macintosh ya zauna a tire da batir mai rai, injin zuƙa kuma a kunne.

Idan an nemi ra'ayinki wajen saye, ki ce mai biledin Macintosh lamba 3 da 4, da mai ƙugiya guda ɗaya saboda wuya mai wahala, kuma waɗanda ake wankewa a sake amfani da su, don masu yarwa in sun ƙare injin ya zama kayan ado sai an aika Kano ko Legas. In babu buronkoskof a ɗakin tiyatar, shi nake ganin ya kamata a fara nema. Wanda kuma tun a dubawa kika ga hanyarsa za ta yi wuya, kada ki fara da mai hanya biyu da kowane irin laringoskof. Ki sa mai hanya ɗaya tukuna, iska ta samu, sannan a toshe reshen da abin toshewa ko a musanya bututun ta kan doguwar kateta, kina kallon ƙofar da kyamara yayin da ake musanyar.