Hattara da mai sayar da "maganin fenti" a Sakkwato, ya ƙona mini sinki

Jama'a, naira 18,000 na biya. Naira 18,000 a kan gorar lita ɗaya da ba ta da ko takarda a jikinta, kuma ga sinkin sitenles na 65,000 ya tashi aiki. Mutumin yana talla a Facebook, wai ruwan nasa yana cire busasshen fenti cikin minti biyu. A Mabera ya kawo mini, a kan babur.

Kafin wani ya ce ban yi bincike ba, na tambaye shi. Na dubi idonsa na ce, "Malam, akwai asid a ciki?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, wallahi babu, ko a hannu ka zuba." Wannan rantsuwar ce ta tsaya mini a wuya. Musulmi ya rantse maka da Allah, me ya rage? Har bidiyo ya nuna mini, fenti yana zamewa. Daga baya na gane kan tayil ya yi gwajin.

Asid ɗin wanke tayil ne, haidirokulorik, ya zuba masa kala. Sitenles yana da wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne ke yin wata siririyar fata a saman ƙarfen da ke hana tsatsa. Wannan asid yana cinye fatar. Ruwan na taɓa sinkin wari ya shaƙe ni, wurin ya yi toka-toka, gefen magudanar ya yi baƙi, washegari ga ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Ramukan nan ba sa gyaruwa da gogewa. Fentin da na so cirewa daga sinkin kuwa, fentin mai ne, yana nan daram, domin asid ba ya narkar da shi.

Tun kafin ya iso ma ya sa na tura rabin kuɗin, 9,000, wai kuɗin mai da ajiye kaya. Na cika sauran 9,000 a ƙofar gida. Yanzu lambar a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Rasidin banki da hoton hirarmu duk suna hannuna, zan ɗora su tare da hoton sinkin. "Ko a hannu ka zuba." Da na zuba fa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin nan bai kai na 2,000 ba. Sauri ne ya sa, masu gida za su tare. Ga yadda ake cire fenti daga sinki: in fentin ruwa ne, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a ɗora minti 15, a kankare da tsohon katin ATM. Wanda ya ƙi, sifirit yana tausasa shi. In fentin mai ne, tina (ruwan tsinka fenti) ko kananzir a auduga, a rufe da leda minti 10, don a zafin Sakkwato tina tana bushewa kafin ta ratsa. Ɗigon da ya gagara, a sa asiton, abin goge jan farce. A buɗe taga, a kashe murhun gas, kuma kada a tuttula tina ko asiton cikin magudana, asiton yana lalata bututun roba. A goga a bin layin ƙarfen, a wanke da sabulu, a tsane da busasshen ƙyalle. Banda soson ƙarfe, yana barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa. Banda wuƙa da reza.

Duk gorar da ba ta da rubutun abin da ke cikinta, kada ku saya. Duk ruwan da za ku yi amfani da shi, ku ɗiga a ƙarƙashin sinki tukuna, inda ido ba ya gani. Wanda ya riga ya saya, kada ya kuskura ya haɗa da Hypo, hayaƙin kulorin zai tashi, yana iya kisa a rufaffen kicin. In ruwan ya taɓa sitenles, a kwarara ruwa nan take, a bi da bekin soda. Wanda ya san wannan mutumin ya yi mini magana, ina neman 18,000 ɗina.