Ƙofofin Fita na Gaggawa da Aka Sanya Mana a Sharaɗa: Abin da Na Gani

Wani kamfani da ke aiki a nan Kano ne ya sauya mana ƙofofin baya na masana'antar robobi da nake kula da ita a Sharaɗa, kuma ina ganin aikin ya cancanci a yi bayaninsa ga masu masana'antu a Bompai da Challawa da masu manyan sito a Kantin Kwari.

Ƙyauren ƙarfe ne mai buɗewa zuwa waje, an ɗora masa doguwar sanda a kwance daidai ƙugun mutum, irin wadda ƙa'idar Turai ta EN 1125 ta tsara, ta yadda ko cikin duhu da hayaƙi mutum ya faɗa mata da jikinsa, ƙofar za ta buɗe ba tare da mabuɗi ba. A gefunan ƙyauren akwai wani siririn abu da ke kumbura idan ya ji zafin wuta, sai ya toshe kafofin da hayaƙi ke bi. Sun kuma sanya koren allo mai nuna mafita wanda ke aiki da batir, abin da ya zama dole a garin da ake ɗauke wuta babu sallama.

Inda suka fi burge ni shi ne batun kwaɗo. Kowa ya san tsoron sata ne ke sa maigida ya garƙame ƙofar baya, alhali Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana kulle ƙofa ta yadda ma'aikatan da ke ciki ba za su iya buɗe ta nan take ba, kuma irin wannan kullewa ce ta jawo asarar rayukan ma'aikata a gobarar wata masana'anta a Ikorodu da ke Jihar Legas cikin 2002. Injiniyansu bai raina damuwar maigidanmu ba. Ya ce masa, "Ranka ya daɗe, kayanka da mutanenka duka za a iya tsare su," sannan ya haɗa ƙofar da ƙararrawa mai kuka a ɗakin masu gadi da zarar an tura sandar. Daga waje kuwa babu marikin da ɓarawo zai kama.

Akwai gyara. Na'urar da ke mayar da ƙyauren ya rufe da kansa ta fara cijewa da shigowar ƙurar hunturu, kuma sai da muka yi ta kira kafin suka turo mai gyara. Ƙofar da ba ta rufuwa sosai kuwa ba ta tare wuta. Takardar shaidar juriyar wuta ma ta makara. Kuɗin yana da nauyi, domin daga waje ake shigo da sandunan.

Ina ba da shawarar aikinsu, da sharaɗin a rubuta duba ƙofofin lokaci-lokaci cikin yarjejeniya, kuma kada a biya cikon kuɗi sai takardar shaida ta zo hannu, don a nuna wa jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano idan sun zo bincike.