Tayoyin gefe ko a maida mashin ɗin Baba mai ƙafa uku?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya jiya da daddare kan mashin ɗin mahaifinshi, ka yi haƙuri sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi gwiwa ta fara damun Baba, sau biyu mashin na kada shi, ɗaya a ƙofar masallaci ɗaya wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina da cunkoso ya tsaida shi, kuma tsoho ya ce shi fa ba zai aje mashin ba. Shi ne yake tambaya a sa mashi ƙananan tayoyi biyu a gefe, ko a cire tayar baya a maida shi mai ƙafa uku irin na masu buƙata ta musamman, ko kau a nemo irin wanda ya gani a bidiyo mai tsayuwa da kanshi. Allah ya ba Baba lafiya. Mun sha wannan da kawuna, duka biyun farko sai da muka gwada, don haka abin da zan faɗa da kuɗinmu muka saye shi.

Ka lura da inda Baba ya faɗi, duk a tsaye ne ko a tafiyar da ba ta wuce ta mai ƙafa ba. Mashin in yana gudu shi ke gyara kanshi, da ya ɗan karkata sai kan ya juya ta wajen da ya karkata ya miƙe, kai ba ka ma sani ba. Da gudu ya mutu wannan taimakon ya ƙare, sai ƙafarka, kuma Boxer irin mashin ɗin Baba kilo 100 da 'yan kai ne ban da mai da kaya. Gwiwar da ke ciwo ba ta iya tare wannan nauyin in ya riga ya fara tafiya gefe. To duk abin da za mu ƙara, aikin ƙafar nan muke so ya karɓa.

Bari in fara sallamar na bidiyo. Mai yiwuwa na Honda ka gani, wanda suka nuna a Las Vegas ta Amurka a Janairun 2017, suna ce mashi Riding Assist. Shi in gudu ya yi ƙasa sosai sai ƙafar gaba ta ɗan miƙe gaba, kwamfuta ta karɓe kan tana murza shi kaɗan-kaɗan hagu da dama, mashin ya tsaya cak ba jak ba kowa. Yamaha ma sun nuna nasu a Tokyo a wannan shekarar. Akwai kuma masu amfani da faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a ciki da gudun tsiya, kamar dai yadda katantanwa ke tsayuwa muddin tana juyi, wannan dabarar ma tsohuwa ce, tun 1914 an tuƙa mota mai taya biyu irin haka a Landan. Amma na Honda da Yamaha ɗin nan na nuni ne, ba kayan da za ka shiga shago ka ɗauko ba ne. Wanda ake saidawa da gaske shi ne irin Piaggio MP3 na Italiya da ya fito 2006, taya biyu a gaba, yana kwanciya a kwana kamar kowane mashin, in za ka tsaya ka danna maɓalli ya kulle ya tsaya da kanshi. Abu mai kyau wallahi, sai dai ya haura kilo 200, ga tsada, kuma ranar da na'urar kullen ta lalace wane bakanike za ka kai mawa? Aje wannan gefe.

Saura biyun da mai walda zai iya yi mana nan cikin gari.

Tayoyin gefe, ba a taɓa tayar baya, tana nan da cen ɗinta da birkinta, ƙarfe kawai ake ɗaurawa a jikin firam a sa taya ɗaya dama ɗaya hagu, mashin ya zama taya huɗu ke nan. A Indiya haka suke yi wa sikuta irin su Honda Activa don masu lalurar ƙafa, har kamfanoni ke ƙera kayan a saida. Daɗinshi ya fi araha nesa ba kusa ba, aikin kwana ɗaya ko biyu ne, kuma in da noti aka ɗaura ba walda aka liƙe ba, ranar da gwiwa ta warware ko za a saida mashin sai a kwance a aje. Mai ƙafa uku kau tiyata ce. Ana cire tayar baya gaba ɗaya, a ƙera sabon gindi, a sa sandar ƙarfe mai ɗauke da taya biyu, a ja cen zuwa kanta, a sake haɗa birki. Kuɗi sun fi yawa, lokaci ya fi yawa, kuma in an yanka firam shi ke nan, mashin ba ya komawa yadda yake, masu saye ma sai ɗaiɗai.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce a sa na gefe kowa ya huta. Amma ga abin da ya same mu. Mai waldar farko da muka kai mawa ya ɗaure tayoyin gefen kam, ba sifirin ba shokozoba, kuma ya daidaita su da tayar tsakiya cif. A kan kwalta lafiya lau. Ranar farko da Kawu zai shiga lungunsu, akwai 'yar kwata da ruwa ya zaizaye a tsakiya, tayoyin gefe suka hau gaɓa biyu, ta tsakiya ta rataye a iska, yana ba da wuta taya na ta juyawa mashin ko motsi, yara suka taru suna dariya sai da aka turo shi. Abin dariya ne a lungu, amma ka tuna birkin baya a jikin wannan tayar yake, na gefen ba su da birki. In ta rataye a gangara fa? Kuma ƙananan tayoyi da rairayi ba sa shiri, nutsewa suke kamar an kafa turke, ga ƙasarmu ka santa, da ka sauka daga titi ta wajen Mashi ko ƙauyukan Daura rairayi ne zalla. Mai ƙafa uku bai san wannan matsalar ba, tayoyinshi manya ne kuma abu mai ƙafa uku duk inda ka aje shi ƙafafun na taɓa ƙasa, kamar murhu.

Shi kuma nashi ciwon a kwana yake. In za ka sha kwana tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, shi ya sa mota da Keke Napep ba a ɗaure tayoyin bayansu wuri ɗaya, a mota wata na'ura da ke tsakanin tayoyin, difaranshal, ke raba masu juyin. In mai walda ya liƙe tayoyin biyu a sanda ɗaya, mashin zai riƙa gardama yana son miƙewa, taya na gurzar ƙasa tana cinyewa. Wasu sai su bar ɗaya ke ja ɗaya na bi kawai, ya fi sauƙin juyawa amma yana ɗan fizga gefe in ka ba da wuta, kuma in mai jan ta faɗa taɓo ka tsaya. Ka tambayi mai aikin wanne zai yi tun kafin ka ba da kuɗin kaya, in ya fara kame-kame ka ɗauki mashin ɗinka.

Akwai abu ɗaya da duka biyun suka haɗu a kai, kuma shi na fi jin tsoro ga mutum irin Baba da ya shekara talatin ko arba'in bisa mashin. Da an ƙara taya, abin ya daina kwanciya a kwana. Jikinshi ya saba in za ya bi shataletale ya kwanta da mashin, yanzu kau sai dai ya murza kai kamar mai tuƙa keken ɗaukar kaya, in ya shiga da gudun da ya saba tayar ciki za ta ɗaga sama ya kife waje. Ba wasa ba ne, a Amurka a 1988 sai da aka dakatar da saida baburan daji masu ƙafa uku saboda yawan kifewa, su da injiniyoyin kamfani suka ƙera. Tsohon direba sai ya sake koyo kafin ya saba da mai ƙafa uku. Kawu sati guda muka yi muna kai shi fili da yamma yana zagaye duwatsu, yana faɗa wai mu za mu koya mashi mashin.

Sai faɗi. Je ka auna ƙofar zaurenku yau ɗin nan. Duka biyun suna ƙara faɗi, kuma a zamanin nan ba wanda zai bar mashin ya kwana waje. Ba su da ribas kuma, in ya shiga lungun da bai ɓulle ba sai an jawo shi baya, na gefe ya fi sauƙin ja don bai kai nauyin ɗayan ba. Mai ma duk za su ƙara sha.

Ba ka faɗa mana wace gwiwa ba ce, kuma wannan babbar magana ce. Giya a hagu take, birkin baya a dama. In hagu ce ana iya ɗaura wa giya dogon ƙarfe ya riƙa sawa da hannu, amma a Boxer hannun hagu na kan kuloci, aiki ya yi yawa. Shi ya sa za ka ga galibin masu ƙafa uku a gari roba-roba ne, ba ta da kulocin hannu, ga rashin nauyi, ga wurin zura ƙafa ba sai an ɗaga ta an haye ba. In dama ce to birki za a maido hannu, kar a yi wasa da wannan. Kuma kik fa? Ya kasance sitata na aiki da batir mai kyau.

Ni dai ga inda na tsaya. In zirga-zirgar Baba cikin gari ce, gida, masallaci, kasuwa, wajen abokai, bisa kwalta, kuma likita na sa ran gwiwar za ta yi sauƙi, a sa na gefe, amma da sharaɗi: shokozoba a kowace taya, tayoyin su zama masu ɗan girma irin na sikuta ba na baro ba, a ɗaura da noti, kuma a gwada a kan rami da tudun rage gudu kafin a biya cikon kuɗi, Baba na zaune a kai ka ga tayar tsakiya ta danne ƙasa sosai. In kau yana zuwa gona ko ƙauye, ko ciwon na zama ne, kar ka ɓata kuɗi sau biyu kamar mu, a saida Boxer a sayi roba-roba a yi mata ƙafa uku da birki a tayoyin baya duka biyu. Mu a nan muka ƙare, Kawu shekara biyu ke nan bai sake faɗuwa ba, sai dai boris da muke canzawa akai-akai. Hular kwano kuma kar a ce an ƙara taya a jefar da ita.

Ka rubuto mana wace ƙafa ce da irin hanyar da yake bi. In kana so ka gani da idonka ka yi mani magana ta gefe, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu na gida, ka zo da Baba ya hau ya ɗan zagaya, tsofaffin tayoyin gefen ma suna nan jingine a zaure.