Sharhi kan Tirelar Kwana ta Haya a Tafiyar Hawan Keke a Duwatsun Moab

Duk wanda ya ɗauki hawan keken dutse da muhimmanci a Amurka, ko ba daɗe ko ba jima zai ji sunan Moab, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Utah wanda haƙar yuraniyom ta raya shi a shekarun 1950, yanzu kuma masu yawon buɗe ido da mahaya keke ne ke riƙe da kasuwarsa. Ni da abokin tafiyata mun je can a watan Oktoba, kuma maimakon mu kama ɗaki a otal sai muka ɗauki hayar ƙaramar tirelar kwana, irin ta tafi-da-gidanka, muka ɗaura ta a bayan a-kori-kurarsa daga Denver. Ra'ayina a taƙaice shi ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma jin daɗin zama a cikinta ya rataya ne kacokan a kan abu biyu, ruwa da batir, kuma kamfanin hayar bai yi mana bayanin ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata ba.

Tirelar da aka ba mu tana da gado babba a gaba, da teburin cin abinci da ake naɗewa ya zama gado na biyu, da murhun gas mai kai biyu, da ƙaramin firiji, da banɗaki wanda mutum zai iya taɓa bangonsa duka huɗu ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Janta a kan babbar hanyar I-70 bai ba mu wahala ba, sai dai a gangaren tsaunukan Colorado, inda dole direba ya rage giya ya bar inji ya riƙe nauyin, domin dogaro da birki kaɗai a irin wannan gangare yana sa shi ya yi zafi. Ana son kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗin da ke bayan mota, idan kuwa kaya suka taru a ƙarshenta sai ta fara lilo da zarar babbar mota ta wuce ta gefe. Wannan ne dalilin da ya sa muka ƙi rataya kekunanmu a ƙarfen da aka liƙa a bayan tirelar, muka kwantar da su a bayan a-kori-kura muka ɗaure.

Mun yada zango a Sand Flats, wani fili a saman garin da hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta BLM da ƙaramar hukumar Grand ke gudanarwa tare. A nan ne amfanin tirelar ya fito fili, domin shahararriyar hanyar Slickrock tana nan kusa, ta yadda bayan sallar asuba da kofin shayi mutum zai hau kekensa ya isa bakin hanya tun waɗanda suka kwana a gari ba su gama neman wurin ajiye mota ba. Hanyar zagaye ce mai tsawon kusan kilomita 17 wadda aka shata a 1969 domin masu babur, kuma kusan dukkanta a kan tsuran jan dutse take, ba wata alama sai ɗigon farin fenti da ake bi. Fuskar dutsen tana da kaushi kamar sanfefa, saboda haka taya tana kama shi ƙam, har mutum ya hau tudun da idonsa ya riga ya gaya masa ba zai hawu ba. Gajeruwar tazarar tana ruɗin baƙo, domin hawa da sauka ne babu hutu, kuma wanda bai saba ba gara ya fara da ɗan zagayen gwaji da aka ware a farkon hanyar.

Idan aka dawo daga irin wannan aiki, jiki duk jar ƙura da gumi, nan ne maganar ruwa take tasowa. Babu ruwan sha a Sand Flats, babu wutar lantarki, abin da ka zo da shi shi ne naka. Tankin tirelarmu bai wuce lita ɗari da ɗoriya ba, kuma daga cikinsa za a sha, a cika gorunan keke, a yi girki, a wanke kwanuka, a yi alwala sau biyar a rana, sannan a yi tunanin wanka. Shawar da ke cikin banɗakin, wadda ita ce abin da ma'aikacin kamfanin ya fi yi mana talla, tana iya shanye kaso mai yawa na tankin a wanka ɗaya. Mun koma ga bokiti da moɗa, da buta don alwala, da manyan jarkoki da muke cikowa a gari, kuma da haka ne zaman ya daidaita. Na'urar da ke nuna yawan ruwan da ya rage ba abin dogaro ba ce, domin ta sha nuna mana tankin ƙazanta ya cika alhali ba a daɗe da zubar da shi ba. Shi kansa zubarwar, wato ja da tirela zuwa wurin da aka tanada, a haɗa tiyo, a fara buɗe tankin banɗaki sannan a bi da na ruwan wanke-wanke don ya ɗauraye tiyon, aiki ne da ba ya cikin hotunan talla, amma bai kai yadda ake tsoronsa ba.

Batir shi ne babban ƙorafina. Rana a hamadar tana da daɗi a Oktoba, dare kuwa sanyi ne mai ratsa ƙashi, kuma ko da yake na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, fankar da ke hura ɗumin daga batir take ci. Batirin da aka ba mu ya riga ya tsufa, yakan mutu kafin asuba, ya tafi da fitilu da famfon ruwa gaba ɗaya. Farantin sola ɗaya da ke kan rufin bai isa ya cika shi ba a yinin kaka. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ba ta tashi sai da janareta ko wutar lantarkin sansani, saboda haka wanda ya yi niyyar zuwa a Yuli, lokacin da zafi ke haura digiri 38, ya nemi sansanin da ke da lantarki.

Ranar da na fi gode wa tirelar ita ce ranar da muka bi hanyar Whole Enchilada, wadda ke farawa a tsaunukan La Sal, ta haura mashigin tsauni na Burro Pass mai tsayin kusan mita 3,400, sannan ta gangaro fiye da mita 2,000 ta cikin daji da gefen dutsen da ake kira Porcupine Rim har bakin kogin Colorado. Mun dawo da yamma hannuwa na rawa saboda riƙon birki, muka tarar da miya a firiji, muka tuƙa tuwon semo, muka ci a zaune a bakin ƙofa, muka wanke kaca muka sa mata mai, ba wanda ya sake tayar da mota don neman abinci.

Ga mutum biyu masu keke da za su yi mako ɗaya ko fiye, ina ba da shawarar wannan tsari, da sharaɗin a zaɓi ƙaramar tirela, domin wuraren zango da yawa a kan dutsen matsattsu ne kuma yin ribas da doguwa a cikinsu fitina ce. Kafin a sa hannu a takardar haya, a tambayi shekarun batirin, a sa a kunna na'urar ɗumamar a gaban mutum, a kuma nemi a ƙara farantin sola na hannu. Wanda kuwa kwana biyu kawai zai yi, kuɗin haya da ƙarin man da motar ke sha saboda jan kaya za su iya zarce kuɗin otal a cikin gari.