Tiyatar sauya gaɓar ƙugu: aikin ya yi, sallamar ce ba ta yi ba

Aikin kansa ban da abin da zan ce sai madalla. Ciwon nan na matsematsi da ke saukowa har gwiwa, wanda ke hana mutum juyi da dare, ya tafi tun a gadon asibiti, abin da ya rage zafin yanka ne kawai, shi kuma daban yake, kana jin yana raguwa. Allurar kashe rabin jiki aka yi ta baya, aikin bai kai awa biyu ba. Sun yanke kan ƙashin cinyar da ya lalace, suka kankare ramin ƙugu suka dasa kofin titaniyom mai shimfiɗar roba mai tauri a ciki, sannan suka zura sanda cikin ƙashin cinya suka ɗora mata ƙwallon tangaran mai faɗin milimita 32. Washegari aka tsayar da ni da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. A nan dai ba a ci kuɗina a banza ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne ranar sallama. Takarda guda aka miƙo da Turanci: kada a lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90, kada a harɗe ƙafa, kada a juya ƙafar ciki. Shi ke nan. Babu wanda ya tambayi wane irin masai ne a gida, ko a kan gado ake kwana ko katifa a ƙasa. Wallahi wannan ba ƙaramin sakaci ba ne a wurin da rabin rayuwar mutane a ƙasa take, daga tabarma zuwa salla zuwa banɗaki.

Dalilin dokar nan ya kamata a bayyana wa kowa. Idan ta bayan ƙugu aka shiga, kamar yadda aka fi yi, sai an yanke jakar da ta lulluɓe gaɓar da wasu gajerun tsokoki, a ɗinke su bayan an gama. Kafin wurin ya yi tabo ya ƙarfafa, wato mako 6 zuwa 12, ba abin da ke tare ƙwallon ta baya sosai. Gwiwa ta haura ƙugu, ƙafa ta karkata ciki, sai wuyan sandar ya daki bakin kofin ya ɓalle ƙwallon waje. Tsuguno kan iya haɗa waɗannan duka a lokaci guda. In ta goce sai an koma asibiti an sa barci an ja an mayar, kuma wadda ta taɓa gocewa ta fi saurin maimaitawa.

Sai kuma kujerar bayin da ake sayarwa a shagunan bakin asibiti, mai naɗewa, wadda kowa ke ɗauka don ta fi araha. Ba ta dace da wannan aikin ba ko kaɗan. Gajera ce, dogon mutum ya zauna gwiwarsa na sama da ƙugunsa, ga ba ta da hannun da za a dafa a tashi, dole sai an sunkuyo gaba, abin da aka hana kenan. A auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa mutum na tsaye, a ƙara kamar santimita 5, wannan ne tsayin mazaunin da ake nema, na bayi da na falo da na gado. A sayi mai ƙafafun da ake ja a ƙara musu tsayi, mai hannu biyu. Mai masai na zama ya ɗora masa abin ƙarin tsayi na santimita 10. A riƙa duba robar gindin ƙafafun, tana cinyewa da wuri, a kan tayil mai laima kuma zamewa take.

Salla a kan kujera mai tsayi, sujada da nuni, kada a ce za a gwada zaman tahiya. Wanke ƙafa a alwala ya fi komai haɗari don mutum bai ɗauke shi wani abu ba, gara wani ya wanke masa. Kwanciya rigingine, da matashi tsakanin cinyoyi. Duk wannan daga bakin mai gashin ƙashi na waje na ji shi, da kuɗi daban, alhali an ce kuɗin aikin ya haɗa da komai.

Bai haɗa ba. Maganin hana daskarewar jini da ake ci gaba da shi kusan mako 4 zuwa 5 ba ya ciki, hoton ƙashi na komawa ba ya ciki, cire ɗinki a mako na biyu ma sai da aka yanki kati. Kuma da na nemi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin ƙarfen da lambobinsa, sai aka yi ta yawo da ni. Takardar nan dole ce, domin ranar da robar cikin kofin ta cinye aka zo canji, likitan da zai buɗe yana buƙatar sanin girman kofi da irin sandar tun kafin ya yanka. Matasa masu sikila da kan ƙashinsu ya mutu, su ne suka fi buƙatarta, tunda da wuya gaɓa ɗaya ta kai su ƙarshen rayuwa.

Likitan tiyata zan iya tura masa ɗan'uwana gobe. Asibitin kuwa, sai in mutum ya tanadi kujerarsa da gadonsa da mai gashin ƙashinsa tun kafin a ba shi gado, kuma ya sa an rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya biya.